Amanar Mai Ɗaukar Hoton Tsuntsaye

Duk wanda ya je fadamun Haɗeja da Nguru a lokacin hunturu zai tarar da dubban tsuntsaye, waɗansu 'yan gida kamar su dinya da kirinjijiya da zalɓe, waɗansu kuwa baƙi ne da suka ƙetaro hamada daga Turai. Saboda muhimmancin wurin ne aka sanya tabkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. A yau samari da dama sun mallaki kamara suna bin irin waɗannan wurare, amma waɗansunsu sun ɗauka gwanintar sana'ar tana gaban kwamfuta. Haƙiƙa a bakin ruwa take.

Da farko, tsuntsu ba ya tsayawa a ɗauke shi. Idan yana tashi, sai an sa kamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 2000 na daƙiƙa, in ba haka ba fikafikan su fito dishi-dishi. Wanda ke zaune a reshe kuwa, kashi ɗaya bisa 500 ya isa. Saurin ƙiftawa yana rage hasken da ke shiga, saboda haka akan buɗe kafar haske zuwa f/5.6, a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 idan rana ba ta yi ƙarfi ba. A kan idon tsuntsun ake saita gani, domin in ido ya fito tangaram an yafe wa hoto sauran laifuffukansa. Balbela tana da tata matsalar: da rana tsaka farinta yakan ƙone har a kasa ganin gashi, sai an rage haske kaɗan, ko kuma a fito da hantsi. Bayan wannan sai haƙuri irin na maharbin da ke ɗaura kan burtu ya yi ta rarrafe. Bai kamata a kori tsuntsuwa daga sheƙarta don a samu hoton tashi ba, domin kafin ta dawo shirwa ko zafin rana sun gama da 'ya'yan.

Wannan ba ya nufin gyaran hoto laifi ne. Hazon hunturu yakan dusar da launi, kuma daidai ne a mayar da abin da ido ya gani, a yanke gefe, a rage burtsatsin da ISO ya haifar. Inda ɓarna take shi ne a ɗauko tsuntsu daga wani hoto a liƙa, ko a ƙara masa launin da Allah bai ba shi ba, ko a goge tarko da ciyawar kacala wadda ta toshe hanyoyin ruwa a waɗannan fadamu. Wanda ya goge su ya ɓoye ainihin abin da ke cin wurin. Ko a Ingila ba a wasa da wannan amana: a 2018 Gidan Tarihin Halittu na Landan ya ƙwace kyautar da ya bayar, bayan ya gamsu cewa dabbar da ke cikin hoton matacciya ce da aka cusa wa kaya.

Dalilin tsanantawa a bayyane yake. Gauraka, wadda a da ake gani garke-garke, yanzu da wuya a same ta a dajin Nijeriya. Ungulu ma ta ƙaurace wa mahautu da yawa. Nan gaba ɗalibin da ya tarar da sunayensu a karin magana ba zai sami abin dubawa ba sai hoto. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma fa sai in abin da aka gani gaskiya ne. Saboda haka ya wajaba mai kamara ya rubuta wuri da ranar da ya ɗauki kowane hoto, ya kuma adana na asali kafin ya taɓa shi.