Martani: Ba Kason Arewa Ne Ya Kai Ahmed Musa Inda Ya Kai Ba

Ranar Asabar da daddare, bayan an tashi daga wasa a gidan kallon unguwarmu a nan Roni, wani yayana da nake ganin girmansa ya tara matasa a bakin mai shayi ya yi ta sauke wa Ahmed Musa kwandon zargi. Ban tanka ba a lokacin, domin ba tarbiyyarmu ba ce ƙani ya katse yayansa a gaban yara. Amma yaran nan sun tafi gida da maganarsa a kunne, kuma da yawansu ba su yi wayo ba lokacin da abubuwan suka faru. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yaya, ka yi haƙuri, ga amsata.

Ka fara da cewa ba ƙafarsa ce ta kai shi Super Eagles ba, kason Arewa ne, wai dole a saka ɗan Arewa ɗaya don a rufe bakinmu. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini zafi, domin mu da kanmu muke maimaita abin da masu raina mu suke faɗa. A kakar 2009/2010, yaro ɗan shekara 17 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a gasar Firimiyar Najeriya, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Wane kaso ne yake zura ƙwallo a raga? Sannan ka duba waɗanda suka riƙa kiran sa. Samson Siasia ya kira shi. Marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu a 2013 aka ɗauko Kofin Afirka. Sunday Oliseh ne ya ɗaura masa kambun kyaftin a 2015. Gernot Rohr, Bajamushe, da Jose Peseiro, ɗan Fotugal, su ma sun kira shi. Babu Bahaushe ko ɗaya a cikinsu, kuma kowannensu aikinsa ne a kan siraɗi in ƙungiya ta faɗi. Koci ba ya sayar da abincinsa don ya faranta wa mutanen Kano. Da haka ya wuce wasa 101 da Joseph Yobo da Vincent Enyeama suka buga wa ƙasa.

Sai ka ce ba shi da komai sai gudu, kamar wanda kare ya biyo. Yaya, tare muka kalli wasan Ajantina ranar 25 ga Yuni, 2014, a kan benci ɗaya, janareto yana ta ƙugi a bayanmu. Messi ya ci a minti na 3. Kafin magoya bayan Barcelona su gama ihu su zauna, Musa ya karɓi ƙwallo ta hagu, ya yanko ciki, ya lanƙwasa ta da ƙafar dama ta wuce gola Romero. Na tuna yadda wani yaro ya yi tsalle ya ture butar mai gidan kallo, ruwa ya malale a ƙasa ba wanda ya kula. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci ya sake farkewa. An ci mu 3 da 2, amma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya a Gasar Cin Kofin Duniya.

Bayan shekara huɗu, ranar 22 ga Yuni, 2018, a Rasha, ya maimaita a kan Iceland, ƙasar da ta riƙe wa Ajantina wuya aka tashi 1 da 1. Ka sake kallon ta farkon nan a wayarka. Victor Moses ya bugo ta daga dama, ƙwallo tana sama, Musa ya miƙa ƙafa ya kwantar da ita, kafin masu tsaron baya su farga ya ɗirka ta cikin raga. Babu gudu a wannan, natsuwa ce da sanin ƙwallo. A ta biyun ne ya yi gudun, amma da ya iso gaban gola bai yi gaggawa ba, ya kewaye shi, ya ɗaga kai, ya zaɓi kusurwa. Ƙwallo huɗu ke nan a Kofin Duniya. Yekini bai kai ba, Amokachi bai kai ba, Okocha bai kai ba.

Zargi na uku shi ne ya kasa a Ingila. A nan ba zan yi maka musu don son rai ba. Leicester ta saye shi a 2016 da kuɗin da ya haura fam miliyan 16, kuma ƙwallo biyu kawai ya ci mata a gasar Firimiya. Bai yi abin da aka zata ba. Sai dai wurin da yake nema na Jamie Vardy ne, kuma Claudio Ranieri da ya kawo shi an sallame shi a Fabrairun 2017. Ko a haka, shi ya shigo daga benci ya ci Everton biyu a Kofin FA. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a auna rayuwar ɗan wasa gaba ɗaya da shekara ɗaya da rabi. Kafin ya je Leicester ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku da CSKA Mosko. Matsalarmu a gidan kallo ita ce abin da ba mu gani a akwatin DStv ba, a wurinmu bai faru ba.

Maganar cewa kwaɗayin kuɗi ne ya kai shi Saudiyya a 2018 ba sai na tsaya a kanta ba. Ya je Al-Nassr, ya ɗauki kofin gasar a kakarsa ta farko, kuma ƙungiyar nan ce Ronaldo ya koma daga baya, kai da kanka ka sayi rigarta.

Na ƙarshe, ka ce sai da ƙafa ta mutu ya tuna da gida. Ya dawo Pillars a 2021, ya sake fita Turkiyya ya buga wa Karagumruk da Sivasspor, ya kuma dawowa a 2024. Gaskiya ne ba Musan 2014 ba ne, kuma a Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa benci ya fi zama. Shekaru ba sa barin kowa. Amma 'yan wasanmu nawa ne suka buga Gasar Zakarun Turai sannan suka yarda suka shiga bas da yaran Sai Masu Gida, suka bi hanyoyinmu, suka buga a filayenmu? Na san matasa daga Roni da Kazaure da suka yi karo-karon kuɗin mota, suka bi ta Dambatta har filin wasa na Sani Abacha, don su gan shi ido da ido. Tun yana Turai ya gina cibiyar wasanni a Hotoro, ba a Landan ko Dubai ba.

Yaya, yaran da suke buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar firamare suna jin maganarka. In za ka soki wasansa na yau, ka soka, haƙƙinka ne. Amma maganar kason Arewa ka janye ta, a gaban yaran da ka faɗe ta.