Tsohuwar Porsche Mai Tarbo: Shin Sayenta Mayar da Kuɗi Gida Ne?

Tun daga tsakiyar 2023, lokacin da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, mutane da yawa a ƙasar nan sun ga abin da ba su saba gani ba: mutum ya hau mota shekara uku, sannan ya sayar da ita fiye da yadda ya saya. Daga nan wasu suka soma ƙirga mota cikin kadara, kamar fili ko zinari. Gaskiyar magana, kuɗin ne suka rame, motar tana nan yadda take, har ma ta ƙara tsufa. Amma tunanin ya riga ya zauna, kuma ya fi kama matasanmu da ke aiki a Turai da Amurka, waɗanda ke kwana kallon gwanjon tsofaffin motocin tsere a intanet suna lissafin inda za su adana ɗan abin da suka tara. Motar da ta fi ɗaukar hankalinsu ita ce Porsche 911 Turbo ta Jamus, samfurin farko, wadda masana ke kira 930.

Kafin maganar kuɗi, ya kamata a san abin da ake saye. Tarbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin da ke fita daga inji yake juyawa, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin injin, ya ƙona mai da yawa, ƙarfinsa ya ƙaru. Kamfanin Porsche ya nuna wannan mota a bajekolin motoci na birnin Paris a 1974, ta shiga kasuwa a 1975 da inji mai lita 3 da ƙarfin doki 260. A 1978 aka faɗaɗa injin zuwa lita 3.3, ƙarfin ya kai 300. Giya huɗu kacal gare ta, sai a 1989, shekararta ta ƙarshe, aka ba ta ta biyar. Injin yana can baya, kuma iska ce ke sanyaya shi, babu lagireton ruwa.

Halinta ne ya jawo mata suna. Direba zai taka totur ya ji shiru, sai bayan ɗan lokaci ƙarfin ya zo masa gaba ɗaya kamar an hankaɗo shi. Idan hakan ya same shi a tsakiyar kwana, ya firgita ya ɗaga ƙafa, sai nauyin injin ya jefa bayan motar gefe. Shi ya sa Turawa suka yi mata laƙabi da mai sa mata takaba. Abin mamaki, wannan aibin na cikin abubuwan da ake biya da tsada a yau. Ga mai saye kuwa yana da wata ma'ana: yawancin waɗannan motoci sun haura shekara arba'in, kuma ba kaɗan ba ne daga cikinsu suka taɓa sumbatar bango aka gyara aka shafe da fenti.

Ba a musun cewa farashinta ya tashi. An daɗe ana sayar da ita a matsayin tsohuwar mota kawai, sai wajen 2013 zuwa 2015 kasuwar Porsche masu sanyaya inji da iska ta yi tashin gwauron zabo. Dalilin a fili yake. Kamfanin ya daina ƙera irin wannan inji tun 1998, don haka adadin da ke duniya ba zai ƙaru ba. Yaran da suka liƙa hotonta a bangon ɗakinsu a shekarun 1980 kuma sun girma, sun yi kuɗi, ga bashin banki yana arha a lokacin. A 2015 aka yi gwanjon wadda tauraron fim Steve McQueen ya taɓa mallaka, ƙirar 1976, a kan Dala miliyan 1.95. Haka a 2021 aka sayar da Toyota Supra mai tarbo da Paul Walker ya tuƙa a fim ɗin The Fast and the Furious a kan Dala 550,000. Irin waɗannan labaran ne dillalai ke yawo da su. Sai dai wanda ya biya waɗancan kuɗi sunan mamaci ya saya, motar gyara aka ba shi. Ita 930 an ƙera kimanin 21,000, ba wata aba ce da ta yi ƙarancin da ake zuzutawa ba.

Akwai kuma tarihin da dillalan ba sa so a tuna. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988, 'yan kasuwa suka yi rububin motocinsa, musamman F40 mai tarbo biyu, ana saye ana juyarwa tun kafin mota ta bar masana'anta. Kamfanin ya ci gaba da ƙerawa har ya wuce 1,300, tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1990, farashi ya rikito. Labarin Jaguar XJ220 ta Ingila ya fi ban tausayi. Mutane sun ajiye kafin alƙalami na Fam 50,000 kowannensu bayan ganin samfurin da aka nuna a 1988. Da motar ta fito a 1992 da farashin Fam 470,000, da injin da ya bambanta da wanda aka nuna, kasuwa ta riga ta mutu. Da yawa suka nemi janyewa, har magana ta kai kotu. Ko a baya-bayan nan, zafin da kasuwar ta ɗauka lokacin annobar korona ya lafa bayan babban bankin Amurka ya soma ƙara kuɗin ruwa a 2022. Wanda ya saya a ƙololuwa, kuma buƙata ta tilasta masa sayarwa, shi ya san yadda ta kaya.

Inda lissafin mutane ya fi karkacewa shi ne kuɗin riƙo. Fili ba ya shan baƙin mai, zinari ba ya tsatsa. Mu ɗauka, don misali kawai, mutum ya sayi motar a kan Dala 100,000, bayan shekara biyar ya sayar 130,000. Zai ce ya ci ribar 30,000. To mu ce inshora da hayar wurin ajiya da duba lafiyarta suna cin 4,000 a shekara, an cire 20,000 ke nan. La'adar dillali, a ce kashi biyar cikin ɗari, ta ɗauke 6,500. Saura 3,500, kafin a yi maganar hauhawar farashi da ta zaizaye darajar kuɗin cikin waɗannan shekaru. Duk wannan idan injin bai nemi garambawul ba. Shi kuwa injin 930 an san shi da yoyon mai da karyewar ƙusoshin da ke riƙe kan silinda, kuma ba kowane bakanike ke iya buɗe shi ba. Tarbon ma yana da nasa sharaɗi: idan ana kashe inji da zafinsa ba a bari ya huce ba, man da ke cikinsa ya ƙone ya toshe hanya, wata rana a wayi gari yana feso shuɗin hayaƙi.

Sannan ga wani tarko mai ban dariya. Kasuwa ta fi daraja motar da ba ta yi tafiya da yawa ba, saboda haka duk kilomitar da mai ita ya ƙara, daga aljihunsa ya cire. Idan kuma ya kulle ta don tsoron haka, robobi su bushe, mai ya lalace a tanki, burki ya cije. Ya saya don ya ji daɗin tuƙi, ya koma mai gadi.

Mai son daɗin tarbo ba tare da biyan kuɗin tarihi ba, ra'ayina ya dubi 911 Turbo ta shekarun 2000 zuwa 2005, wadda ake kira 996. Masu tsattsauran ra'ayi sun daɗe suna raina ta saboda ruwa ke sanyaya injinta, kuma fitilunta ba su yi musu ba. Amma injin nata ya samo asali daga na tsere, kuma bai gaji matsalar nan ta boris da ta addabi ƙannenta marasa tarbo ba. Ta fi 930 gudu da sauƙin sarrafawa, kuma galibi ta fi ta arha. Ko za ta yi tsada gobe, wannan ya danganta da abin da yaran da suka taso da ita za su so idan sun yi kuɗi, domin kowane zamani motar ƙuruciyarsa yake nema.

Wanda ke tunanin kawo irin wannan mota gida kuwa, ya tsaya tukuna. Dokar shigo da motocin gwanjo a Najeriya ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, mota mai shekara arba'in ta yi nisa da wannan iyaka. Masu sha'awar Nissan Skyline GT-R ta Japan su sani sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Ko an haye waɗannan, ga ramukan hanya ga mota mai ciki a ƙasa, ga kayan gyara da sai an yi odarsu da Dala. Mafi muhimmanci, darajar irin wannan mota tana tare da kasuwarta. A Jamus ko Kalifoniya akwai ɗaruruwan masu saye da suka san bambancin ƙirar 1977 da ta 1989. A Kano ko Abuja, ranar da mutum ya matsu, ƙila mutum biyu ne za su taya, kuma dukansu sun san ya matsu.

Idan duk da haka zuciya ta nace, to a yi sayen da ido buɗe. A nemi takardar da ke tabbatar da cewa lambar inji da ta giya su ne na asali da motar ta fito da su, domin wadda aka sauya wa inji farashinta daban ne. A karanta rasiɗan gyara shekara bayan shekara, duk inda aka ga giɓi a tambaya. A sa na'urar auna kaurin fenti a kowane sashe na bodi, ita ce ke tona asirin tsohon haɗari. A biya bakaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya ɗaga motar, ya auna matsin kowace silinda, ya leƙa tsatsa a ƙarƙashin batir da gindin ƙofofi. Kuɗin sayen kuma kada su zama na gida ko na makarantar yara ko na bashi, kuma bayan an biya a bar wani abu a gefe wanda zai isa a sauke injin gaba ɗaya a shekarar farko.