Gargaɗi Bisa Hayar Fadama

Bismillahi. Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa malamai da almajirai, wata ɓarna ta shiga hayar fadama a ƙasar Haɗejiya. Dillali yakan kai baƙo gona da rani, ya rantse ruwa bai taɓa cinta ba. Sa'an nan a karɓe kuɗin shekara duka, a rubuta takarda da Turanci, a ƙarshenta a ce mai gona ya kuɓuta daga kowane aibi, alkawarin baki kuwa ba ya cikin sharaɗi. Manomi ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba.

Alhali mutanen Auyo da Kirikasamma sun ga ambaliyar 2020 da ta 2022, sun san kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Mai gona ya san inda ruwa ke kwana, ya yi shiru.

Wannan algus ne. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana ɓoye aibi cikin ciniki. A mazhabar Maliku, sharaɗin kuɓuta ba ya amfanin wanda ya san aibi ya ɓoye, kuma in ruwa ya mamaye gona har lokacin shuka ya wuce, kuɗin haya ya faɗi.

Saboda haka kada malami ya yi shaida sai an karanta takarda da Hausa gaban mai haya, an rubuta alkawarin dillali a cikinta, an tambayi maƙwabtan gona. Allah Ya tsare mu daga cin haram. Wassalam.