Filin Ƙarin Sani: Me ke sa awon GPS ya gusa?

Manoma da makiyaya sun saba ganin ma'aikatan hukumar filaye riƙe da wata ƴar na'ura. Sunanta GPS. Da ita ake awon gona da burtali. Dokar karkara ta 1993 ce ta kawo waɗannan hukumomi a Nijar. Amma akan auna iyaka yau, gobe a sake, sai a ga ta gusa da taki biyar. Nan rigima ke tashi, har a ce an ci hanci. Sau da yawa ba haka ba ne.

Ga yadda abin yake. Amurka ta fara harba taurarin GPS a 1978. Nisansu ya kai kilometir 20,000. Kowane tauraro yana aiko da saƙo. Na'ura tana lissafin lokacin da saƙon ya yi a hanya. In ta ji taurari 4, sai ta san inda take. In saƙo ya makara, na'ura za ta ɗauka tauraron ya fi nisa. Sai awo ya kauce.

Wuri biyu ne saƙon ke makara, kamar jakin da ya shiga rairayi.

Na farko can sama ne, daga wajen kilometir 80 zuwa 1,000. Hasken rana yana cika iskar wurin da lantarki. Jinkirin ya fi yawa bayan azahar, ya fi sauƙi da asuba. A yankin Nijar, bayan magariba saƙon yakan yi rawa, har ya tsinke. A watan Mayu na 2024 wata guguwa ta taso daga rana. Tan-tan na manoman Amurka masu bin GPS suka kasa shuka daidai.

Na biyu iskar ƙasa ce, mai turiri da gajimare. Tauraron da ke bisa kai, jinkirinsa ya kai tsawon metir 2 da wani abu. Wanda ke gefen sama, nasa yakan ninka haka sau goma. Da damina laima tana ƙara shi.

Na'ura tana gyara wani sashe na kuren, ba duka ba. Salula takan yi kuren metir 5 ko a fili. Metir 5 a gefen gona mai tsawon metir 100, fili ne babba. Manyan na'urorin masu awo sun fi ta daidai nesa ba kusa ba.

Saboda haka, a yi awo da safe, nesa da itatuwa da katanga. A maimaita shi wata rana. A kafa dutse ko turken siminti gaban mai gari da shaidun manoma da makiyaya. A rubuta a takarda. Kada a zare takobi don abin da salula ta nuna. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.