Taron Tsintsiya Ba Shara: Wikipedia ta Hausa da Jarrabawar Garuwa

A duk lokacin da aka tayar da maganar Wikipedia ta Hausa, abin da ake fara ambata shi ne adadi. A ce maƙaloli sun kai dubu kaza, a ce Hausa ta wuce wannan harshe tana bin sawun wancan, a yi tafi, a raba kyaututtukan gasa. Babu mai musun cewa 'yan sa-kai da ke wannan aiki sun cancanci yabo. Matasa ne galibinsu, da wayoyinsu da kuɗin datarsu suke yi, kuma tun daga 2019 da Gidauniyar Wikimedia ta amince da ƙungiyarsu aikin ya ƙara tsari. Sai dai yabo bai hana faɗin gaskiya. Kundin sani ba a auna shi da yawan shafuka, kamar yadda ba a auna ƙamus da nauyinsa a hannu. Tambayar da ta dace ita ce: idan ɗalibi ya buɗe maƙala, zai sami Hausar da zai iya koyi da ita, da bayanin da zai iya bin diddiginsa har zuwa tushe?

Hanya mafi sauƙi ta tara maƙaloli ita ce fassara daga Wikipedia ta Turanci. Akwai manhajar fassara a cikin shafin, wadda take ɗauko maƙalar Turanci ta miƙa wa na'ura, na'ura ta dawo da wani abu mai kama da Hausa. An tanadi manhajar ne domin edita ya ɗauki abin da na'ura ta kawo a matsayin ɗanyen tubali, ya sake gini. Amma wanda ke cikin gasa, yana kallon sunansa a jerin masu yawan maƙala, ba ya da lokacin gini. Sakamakon shi ne jimlolin da kalmominsu na Hausa ne, ƙashin bayansu na Turanci, an rikita jinsi, an zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Wanda ya karanta ƙa'idojin rubutun Hausa ko na zango ɗaya ne ya san irin wannan rubutu da zarar ya gan shi.

Dalilin da ya sa Garuwa ta zama ma'auni

Illar wannan hanya ba ta fitowa sosai idan ana rubutu a kan Kano ko Sakkwato, domin edita ya san garuruwan, zai iya cike giɓi da saninsa. Inda asiri yake tonuwa shi ne wurin da Hausa take raye amma Turancin Ingilishi ba shi ne harshen takardu ba. Garuwa, hedikwatar Lardin Arewa a Kamaru, misali ce da ta isa.

Gari ne a bakin kogin Binuwai, wanda ya kasance ƙarƙashin daular Fombina da Modibbo Adama ya kafa bayan karɓar tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Jamusawa sun ci garin a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace shi daga hannunsu a watan Yuni na 1915, daga nan ya faɗa rabon Faransa. A nan aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, shugaban Kamaru na farko, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982. Fulatanci ne harshen kasuwa da titi, Faransanci na ofis da makaranta, Hausa kuwa tana nan tun zamanin fatake masu neman hauren giwa, har akwai unguwar da ake kira Hausare, ga kuma Yelwa da sunanta ya isa shaida. Saboda wannan tarihi, ilimin da aka rubuta game da Garuwa yana cikin Faransanci da Jamusanci da Fulatanci. Abin da ya shiga Turanci ɗan tsakure ne. Editan da ya fassara maƙalar Turanci ya ɗebo ruwa ne daga randar da ita ma ɗiban wani ce, ya bar rijiyar a bayansa.

A fara da sunaye. Bafaranshe yana rubuta sautin u da haruffa biyu, o da u, yana rubuta j da d da j. Don haka ya rubuta Garoua da Maroua da Ahmadou Ahidjo. Turanci ya kwafo haka, na'ura ta kwafo daga Turanci, sai ga maƙalar Hausa tana kiran mutumin da kowane dattijo a Yola ya sani da Ahmadu Ahijo da sunan da Bahaushe ba zai iya furtawa ba. Rubutun boko na Hausa yana da tsarinsa, wanda aka yi wa zama a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. A wannan tsari garuruwan su ne Garuwa da Marwa da Yawunde, kogin kuma Binuwai. Mai cewa za a wahalar da mai nema idan aka sauya rubutu bai san kayan aikinsa ba: Wikipedia tana da shafin karkatarwa, wanda zai kai duk wanda ya rubuta Garoua zuwa Garuwa, sannan a ambaci rubutun Faransanci a jimlar farko.

Asarar ta wuce ta haruffa. 'Yan Nijeriya da yawa sun ji sunan filin wasa na Roumdé Adjia a watan Janairun 2022, lokacin da Super Eagles suka buga wasanninsu na gasar cin kofin Afirka a Garuwa, har Tunisiya ta fitar da su a can. A rubutun Faransanci sunan baƙo ne. Da an rubuta Rumde Ajiya, da ɗalibin Hausa ya gane sarautar Ajiya nan take, da kuma ya ji ƙamshin dangantaka tsakanin rumde na Fulatanci da rinji da rumada na Hausa, wato ƙauyen gandun da bayi suke nomawa. Tarihin tattalin arzikin Fombina yana kwance cikin sunan filin ƙwallo. Haka sarautun fadojin Lamiɓe na arewacin Kamaru, irin su Galadima da Sarkin Yaƙi da Sarkin Shanu: sun bar ƙasar Hausa da Barno, Bafaranshe ya rubuta su yadda kunnensa ya ji, yanzu kuma na'ura tana dawo da su gida a matsayin baƙi. Edita Bahaushe ne kaɗai zai gane su, in har ya tsaya ya karanta abin da yake wallafawa.

Madogara ita ce isnadi

Daga cikin manyan ƙa'idojin Wikipedia akwai guda biyu da suka shafi wannan batu: duk bayanin da za a iya jayayya a kansa sai an kawo madogararsa daga abin da aka wallafa, kuma edita ba ya shigar da bincikensa ko hasashensa. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin taurin kan Turawa. Alhali kuwa al'ummar da ta tashi a zauren karatu ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Malaman hadisi ba su karɓi magana don daɗinta ba, sai sun san wa ya ji daga wa. 'Yar lambar da ke ƙarshen jimla a Wikipedia aikin isnadi take yi. Jimlar da ba ta da ita, an-ce-an-ce ce da aka sa wa riga.

Sunan Garuwa kansa tarko ne. Kunnen Bahaushe yana jin “ga ruwa”, ga shi kuma garin a bakin kogi, sai zuciya ta ƙulla labarin matafiya masu ƙishirwa. Labarin zai yi daɗi, kuma idan ya shiga kundin sani ba tare da madogara ba, ɗalibai za su kwafa cikin jinga, gidajen rediyo su maimaita, bayan shekara biyar a dawo a kafa hujja da su. Amma Bata da Fali sun riga Fulani da Hausawa zama a wannan kwari, kuma duk mai neman asalin sunan a wurinsu zai nema, da kuma cikin abin da masana suka tattara daga bakin dattawa.

An kuwa tattara. Eldridge Mohammadou, ɗan Garuwa, ya shafe rayuwarsa yana bin fadojin arewacin Kamaru da na'urar ɗaukar murya, kafin ya koma Jami'ar Maiduguri, ya rasu a 2004. Shi da Modibbo Ahmadu Bassoro sun fitar da littafi sukutum a kan tarihin Garuwa, wanda aka buga a Faris a 1980. Kafin su, Siegfried Passarge ya wallafa labarin tafiyarsa ta Adamawa a 1895, Kurt Strümpell kuma ya rubuta tarihin Adamawa daga ruwayoyin baka a 1912. A Zariya aka buga littafin Sa'ad Abubakar a kan Lamiɓen Fombina a 1977, shi kuma Mahdi Adamu ya bi sawun yaɗuwar Hausawa a Afirka ta Yamma cikin littafinsa na 1978. Wannan ita ce amsar masu cewa ilimin Afirka na baka ne, don haka ƙa'idar madogara ta zalunce shi. Akwai gaskiya a ƙorafin, domin abubuwa da yawa ba a rubuta su ba. Sai dai ba a yi amfani da wanda aka rubuta ba tukuna, balle a koka da ƙarancinsa. Abin da ya rage a bakin dattawan Hausare kuwa, hanyarsa sananniya ce: ɗalibi ya yi hira, ya rubuta kundi, a tace, a wallafa a mujalla, sannan edita ya kafa hujja da shi.

Madogara tana kuma tsare adalci. Mai karatu a Nijeriya ya san madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan Binuwai kusa da Garuwa, a matsayin wadda ake ɗora wa alhakin ambaliya a duk lokacin da aka buɗe ƙofofinta, kamar a 2012 da 2022. Mutumin Garuwa kuwa ya san ta a matsayin tushen wutar lantarkin arewacin ƙasarsa da wurin kamun kifi. Maƙalar da ta dogara da jaridun Legas da Abuja kaɗai za ta faɗi rabin magana. Wikipedia ta Hausa ta masu jin Hausa ce duka, daga Agadas zuwa Kumasi zuwa Ngaundere, kuma ba ta da dalilin gadon iyakar da Turawa suka shata.

“Da babu gara ba daɗi”

Wannan ce kariyar da aka fi ji, kuma tarihin Wikipedia ya riga ya amsa ta. A watan Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda bai iya harshen Scots na ƙasar Sikotilan ba, ya rubuta maƙaloli sama da 20,000 a Wikipedia ta wannan harshe, yana ɗaukar Turanci yana sauya masa haruffa. Da kyakkyawar niyya ya yi. Amma shekaru ana ɗaukar rubutunsa a matsayin samfurin harshen, kuma sai da masu harshen suka koma sharar dubban shafuka. Haɗarin ya fi girma a yau, domin manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira suna koyon harsuna ne daga abin da ke intanet, kuma ga harshen da rubutunsa bai yi yawa a can ba, Wikipedia tana cikin manyan wuraren da suke ɗiba. Gurɓatacciyar Hausar da na'ura ta haifa, edita ya wallafa ba gyara, ita ce za a sake ciyar da na'urar da ita. A irin wannan hali, ba-daɗi ta fi babu ɓarna, tunda shafin da babu kowa ya san babu shi, shi kuwa shafin banza yana hana a lura cewa akwai aiki.

Laifin bai tsaya kan 'yan sa-kai ba. Malaman jami'a da suke hana ɗalibai buɗe Wikipedia, suna yi mata dariya a ɗakin shan shayi, su ne suke riƙe da mabuɗin ɗakunan karatun da littattafan Mohammadou da Sa'ad Abubakar suke kwance. Ɗaliban kuma suna buɗe ta duk da hanin. Wanda ya ga kuskure ya san gyaransa ya wuce, alhali maɓallin gyara yana gabansa, ba shi da bakin kuka da lalacewar Hausa.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar gidauniya. Masu shirya gasa su daina ba da kyauta a kan yawa, su bayar a kan maƙalar da aka tace harshenta aka duba madogaranta ɗaya bayan ɗaya. Sassan Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Ɗanfodiyo su mayar da rubuta maƙala guda mai cikakkiyar madogara aikin jinga, a ba ta maki kamar kowace jinga. Editocin Kano da Kaduna su nemi abokan aiki masu jin Faransanci da Fulatanci a jami'o'in Ngaundere da Marwa, da ta Garuwa da aka kafa a 2022, da kuma ta Abdu Mumuni a Yamai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin da ke neman inda zai fara kuwa, ya nemo littafin Bassoro da Mohammadou, ya sami wanda zai karanta masa Faransancin, ya rubuta sakin layi uku a kan kafuwar Garuwa da Hausar da malaminsa ba zai ja wa jan biro ba, kowace jimla da lambar shafin da ta fito.