Sabuwa Dal Ba Ita Ce Lafiyayya Ba

Duk shekarar da kaka ta yi kyau, aka kwashe masara da waken suya aka kai Dandume da Bakori, aka auna auduga a Funtua, mun san abin da ke biyo baya. Wani zai ƙara aure, wani zai biya kujerar Makka, wani kuma zai nufi Kaduna ko Abuja ya dawo da dalleliyar mota, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Ba mu ga laifin kowa ba, mai nema yana da haƙƙin ya ji daɗin guminsa. Abin da muke so mu taɓa a makon nan shi ne wani zato da ya zauna mana a kai, wai mota in dai sabuwa ce kuma mai tsada, to an yi sallama da gareji.

Masana harkar injina sun daɗe da lura cewa na'ura ta fi samun matsala a lokuta biyu, farkon rayuwarta da ƙarshenta, kamar dai ɗan'adam da ya fi laulayi yana goye da kuma in ya tsufa. Kuskuren da aka yi a masana'anta ba ya jiran shekara goma, a watannin farko yake bayyana. A watan Mayun 2024 kamfanin Toyota, wanda mu a nan muke rantsuwa da ƙarkonsa, ya yi kiran motoci kusan 102,000 a Amurka, ƙirar Tundra da Lexus LX 600 na 2022 da 2023. Dalili kuwa, an bar ɓurɓushin ƙarfe a cikin injin lokacin ƙera shi, wanda zai iya cinye injin har ya mutu ana cikin tafiya. Daga baya kamfanin ya ce zai sauya musu injin ɗungurungum kyauta. Wannan LX 600 ɗin ita ce manyanmu suke yayi.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutumin Amurka da abin ya shafa zai tuƙa zuwa wurin dila a garinsu, a sauya masa. Namu da ya sayo ta hannun ɗan kasuwar da ya shigo da ita daga Dubai ko Amurka, wa zai kai wa ƙara? Sau da yawa garantin yana tsayawa ne a ƙasar da aka fara sayar da motar, ba ya biyo ta cikin jirgin ruwa.

Sannan mu dubi inda za ta yi rayuwa. Motar alfarma ta yau kwamfuta ce mai taya huɗu. Wasunsu ma ba sifirin ƙarfe ke ɗauke da su ba, jakar iska ce da famfonta. An auna su ne da titi mai santsi da mai tatacce. Mu kuwa hanyar gonarmu laka ce da damina, ƙura da hunturu, ga man jarka na 'yan bumburutu in gidan mai ya rufe. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace a Legas da Abuja, kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar da gurɓatar man. Tsohuwar mota takan yi tari ta wuce. Sabuwa kuwa ƙaramar na'urarta ɗaya ta ji abin da bai yi mata ba, sai ta kunna fitila, ta rage gudu da kanta, ko ta ƙi tashi.

Ranar da hakan ta faru tsakanin Malumfashi da Kafur, bakaniken da ke kusa yana da basira da sifana, amma ba lallai yana da na'urar da za ta karanta ƙwaƙwalwar wannan ƙirar ba. Sai a nemo motar ɗauka zuwa Kaduna ko Kano. A zaga Fanteka da Ƙofar Ruwa a rasa kayan, a ce sai an yi oda. Mako uku, wata guda, mota na kwance. In abin ya faɗo a farkon damina, kuɗin taki da na 'yan ƙwadago ne za su tafi wurin gyara, gona ta biya bashin ado.

Iyayenmu sun ga amfanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗa motocin kamfaninta a Kaduna a 1975. Ba don ba ta lalacewa suka so ta ba. Tana lalacewa, amma kowane gari akwai mai gyaranta, kowace kasuwa akwai kayanta. Nan ne ma'anar ƙarko take a wurinmu: in ta tsaya, kwana nawa za ta yi kafin ta tashi, kuma nawa za ta ci?

Wani zai ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Haka ne, sai dai tsada daban, nagarta daban. Kuɗin da aka ƙara a motar alfarma na kujerun fata ne da allo da suna, kuma kowane ƙarin na'ura ƙarin abin da zai iya lalacewa ne.

Saboda haka, mai niyyar saye ya yi wa kansa waɗannan. Ya guji ƙirar da ta fito a shekararta ta farko, ya bari wasu su gano aibinta. Ya karɓi lambar jikin motar mai harufa da lambobi 17, ya sa a duba masa a intanet ko tana cikin waɗanda kamfani ya kira. Ya nemi garanti a rubuce, da sunan garejin da zai cika shi a nan Najeriya. Ya je ya tambayi bakanikensa tun kafin ya biya. Kuma kada ya taɓa jarin noman baɗi, ya ware kuɗin gyara a gefe.

Wanda ya yi haka ya sayi mota. Wanda bai yi ba, ya sayi abin kallo a ƙofar gida. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa mu san inda za mu kai albarkar.