Sankarar bakin mahaifa da juna biyu: Darasin da ke cikin binciken ɓeraye

Ba ƙaramin tashin hankali ba ne mace ta je awon ciki cike da murna, likita ya sanar da ita tana da sankarar bakin mahaifa. Daga ranar rayuka biyu ne a hannun likita, kuma maganin da zai ceci uwa yana iya cutar da ɗan tayi.

Tunda ba a gwaji da mai ciki, masana sun koma kan ɓeraye domin gano irin saƙonnin da ke kai-komo cikin ƙwayoyin halitta har su rikiɗe su zama sankara.

Kowace ƙwayar halitta tana da masu tsawata mata. Furotin mai suna p53 mai gadi ne, idan ƙwaya ta lalace shi ke sa ta gyaru ko ta mutu. Wani mai suna pRb birki ne da ke hana ta hayayyafa barkatai. Ƙwayar cutar HPV, musamman nau'i na 16 da na 18 da ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, tana zuwa da makamai biyu: E6 ya kawar da mai gadi, E7 ya tsinke birki.

A 1996 masana a Amurka suka nuna cewa ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin gadon HPV16 suna kamuwa da sankarar bakin mahaifa idan an daɗe ana ba su sinadarin istirojin. Daga baya binciken Jami'ar Wisconsin ya gano cewa idan ɓera ba ta da furotin da ke karɓar saƙon wannan sinadari, sankarar ba ta tasowa. Istirojin kuwa yana hauhawa matuƙa a jikin mai ciki, abin da ya sa masana suka zuba ido kan wannan hanya.

Sai dai a yi hattara. Cikin ɓera kusan mako uku ne, na mace wata tara. Sakamakon ɗakin gwaji bai isa a tsorata mata da haihuwa ba. Abin da aka tabbatar a jikin mutane shi ne, cikin matan da ke ɗauke da HPV, masu yawan haihuwa sun fi fuskantar haɗari. Wannan magana ta shafe mu a Arewa kai tsaye.

A 2020 an kiyasta mata kusan 12,000 sun kamu da cutar a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa. Ga mace a ƙauye, awon ciki ne kusan damarta ɗaya ta ganin ma'aikaciyar lafiya, kuma gwajin bakin mahaifa ba ya cutar da ciki. Me zai hana jihohi su sanya shi cikin awo kyauta? Idan an gano cutar da wuri, sau da yawa likitoci kan iya tsara magani su ceci uwa da ɗa, a ciro jaririn ta hanyar tiyata.

Ungozomomi da mazaje su ma da nasu aikin. Jinin da ke zuba lokacin ciki, ko bayan saduwa, ba na a jiƙa saiwa a jira ba ne. A kai ta a duba.

Sai rigakafi. A Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, sau ɗaya tak. Masana za su ci gaba da aikinsu kan ɓeraye, amma uban da ya hana 'yarsa allurar nan saboda jita-jitar WhatsApp, ya sani da lafiyar uwar jikokinsa yake wasa.